Ina da bireka, sai na ƙara sayen aisoleta kuma?

TAMBAYA: Salamu alaikum Injiniya. Ina da injin niƙa a Rigasa, moto mai doki 20 ne fes uku. Satin da ya wuce NEPA suka ɗauke wuta, yaron shagona ya sa hannu zai gyara bel kawai sai wuta ta dawo injin ya tashi, wallahi Allah ne ya kiyaye. Mai gyara mana wuta ya ce in sa aisoleta, ni kuma ina da bireka, ba ɓarnar kuɗi ba ce kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Gaskiya mai gyaranka ya faɗa maka, ka saya. Bireka aikinta ta faɗi da kanta in lodi ya yi yawa ko wayoyi sun haɗu, kuma yawanci tana can cikin akwati nesa da injin, kowa na iya zuwa ya ɗaga ta bai san akwai mutum a ciki ba. Shi aisoleta ba ya faɗuwa da kansa, kai za ka murɗa shi ya raba fes ukun gaba ɗaya, sannan hannunsa yana da rami da ake sa kwaɗo, toh wannan ramin shi ne abin da kake biyan kuɗinsa. Wanda zai sa hannu a injin ya kulle ya jefa makullin a aljihunsa, ko NEPA sun dawo ko an tada janareto an juya cenjoba (makunnin sauya wuta daga NEPA zuwa janareto) babu abin da zai motsa.

Abin da ya fi damuna ma a labarinka shi ne yadda injin ya tashi da kansa, alama ce babu sitata mai kwantakta (akwatin tada moto mai maɓallin dannawa), don da akwai da wuta ta ɗauke zai saki kuma ba zai tashi ba sai an danna. Shi ma a sa maka.

In ka shiga kasuwa kar ka ɗauki aisoleta mai araha kawai, motonka kusan kilowat 15 ne yana jan amfiya wajen 30 a kan bolt 415, kuma lokacin tashi yana ninka haka sau shida ko fi, saboda haka ka nemi mai amfiya 63 wanda aka rubuta AC-23 a jikinsa, shi ne na moto, akwatinsa kuma IP65 (wanda ƙura ba ta shiga) saboda garin niƙa da ƙurar hunturun Kaduna ba sa barin komai. A kafa shi a bango kusa da injin inda hannu zai kai, ba bayan buhuna ba kamar yadda nake gani a shaguna.

Ku fara tsayar da injin kafin ku murɗa aisoletan, in kuma waya za a taɓa a gwada da mita tukun, ba wannan ɗan tasta mai kama da sukundireba ba.