Amsa: Ko doka tana taɓa 'yan siyasar da ke cin zarafin Romawa?

Malam, ka tambaya ko akwai inda shari'a ta tsaya wa al'ummar Roma (Romawa, wato ƙabilar tsiraru a Turai da ake kira Gypsy, ba mutanen birnin Rum ba) kan 'yan siyasar da ke zaginsu. Akwai. A Bulgeriya, Volen Siderov, shugaban jam'iyyar Ataka, ya sha danganta Romawa da sata da ta'addanci, amma kotunan ƙasar suka kori ƙarar da wasu Romawa suka shigar. A Fabrairun 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa Bulgeriya ta gaza kare mutuncinsu. Abin da ke damuna shi ne hukuncin ya hau kan gwamnati, bai hau kan wanda ya furta kalaman ba, kuma sai bayan shekaru fiye da goma aka same shi.