Takalmin da ya iso bai yi kama da na hoto ba

Hajiya, kin ce kina Yamai kika yi odar takalmin fata na balka wurin wani baduku a Tahoua ta WhatsApp, kika biya kuɗin duka, takalmin ya iso launinsa bai kai na hoto ja ba. Kina tambaya ko ki ce ya maido kuɗinki.

Ni dai a kan launi kaɗai ba zan ce ki tada rigima ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa ba ta shan rini iri ɗaya, kyamarar waya kuma tana ƙara wa kaya ƙyalli. Amma in awon ƙafa ne ya kuskure, ko ɗinki ya fara warwarewa tun ba ki taka ba, wannan laifinsa ne. Ki aika mishi hoto, ki nemi canji, kuɗin mota a kansa. Da wuya baduku ya maido kuɗi, ya riga ya sayi fata da su.

Nan gaba ki ba da rabi kafin alƙalami, ki ajiye rasit ɗin kamfanin aika kuɗi na Nita, sauran sai ya nuna miki takalmin a bidiyo cikin hasken rana.