Me Ya Sa Mafarautan Amurka Ke Auna Harsashi Bayan Sun Harba Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sha ganin bidiyon mafarautan Amurka masu bindigar ɗuri ta baki, irin adakarmu amma ta zamani. Sai su jera jarkokin ruwa su harba, su tono harsashin su ɗora a sikeli, suna ta murna wai bai rage nauyi ba. Me suke nema? Kuma wannan gwaji zai yi wa mai adaka amfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu suke dubawa: yadda kan harsashin ya baje, da nauyin da ya saura a jikinsa. Dalili kuwa, jihohi da yawa a Amurka sun ware wa irin wannan bindiga lokacin farautar barewa nata na daban, kuma mai ita harbi ɗaya gare shi. Kafin ya zuba albarushi ya danna wani harsashin, dabba ta yi nisa. In harbin farko bai kai huhu ko zuciya ba, barewa ta tafi da rauni ta mutu a wahale cikin daji, ba nama ba lada.

Harsashi mai kyau idan ya shiga tsoka, kansa yakan buɗe kamar malfa, ya yi rami mai faɗi. Amma buɗewar na cin ƙarfinsa. In ya baje da wuri ya farfashe, sai ya tsaya a kafaɗa. In kuma bai buɗe ba sam, ya ratsa kamar tsinke ya fice, jini kaɗan, ga wahalar bin sawu. Tsakanin waɗannan biyun ake nema.

Lissafin nauyin ba wuya. Ma'auninsu shi ne giren, kuma giren 15 da ɗan ɗori ke yin giram ɗaya. Bindigar da suka fi riƙewa faɗin bakinta rabin inci ne. Dunƙulen dalma na gargajiya da ake ɗura mata yana kai giren 177, na zamani kuwa, mai tsini da ake sa wa rigar roba don ya kama bututu, yawanci giren 250 zuwa 300 ne. A ce ka harba mai 250, ka tono shi ka wanke ka shanya, sikeli ya nuna 215. Ka raba 215 da 250, ya riƙe kashi 86 cikin ɗari ke nan. Wankewar ba ƙaramin abu ba ce, don takarda ko datti da ya maƙale a ciki yana ƙara nauyin ƙarya. Faɗin kan kuma ana auna shi ta inda ya fi buɗewa da inda ya fi tsukewa, a ɗauki tsakiya.

Jarkokin ruwa da ka gani su ne hanyar mai ƙaramin ƙarfi, kuma ina da ja a kansu. Ruwa yana buɗe harsashi fiye da yadda nama ke yi, don haka yakan yi wa harsashi ado. Tsofaffin jaridu da aka jiƙa suka kwana sun fi kusa da gaskiya. Wanda masana suka yarda da shi shi ne jelatin, abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya kwana a sanyi. Wani likitan sojan Amurka, Martin Fackler, shi ya daidaita shi a shekarun 1980: kashi 10 na jelatin cikin ruwa, a sanyin digiri 4. Kafin gwaji ana harba masa ɗan ƙaramin ƙwallon ƙarfe, in ya nutse kusan santimita 8 da rabi an san haɗin ya yi. Duk da haka jelatin ba shi da ƙashi ba shi da fata, shi ya sa wasu ke ɗora masa ƙashin saniya a gaba.

Inda masu bidiyon suka fi yin kuskure shi ne nisa. Sai mutum ya tsaya taku goma daga jarka, alhali barewar da zai harba tana yadi ɗari. Dunƙulen dalma kan zubar da sulusin gudunsa ko fiye kafin ya kai can, kuma harsashin da ya baje da kyau a kusa yana iya ƙin buɗewa a nesa. A ajiye abin gwajin a nisan da ake farauta, a harba uku zuwa biyar, a rubuta zurfin da kowanne ya shiga. Ni dai in aka ce mini harsashi ya riƙe kashi 99, tambayata ta farko ita ce, ya buɗe kuwa? Ƙusa ma ai tana riƙe nauyinta.

Akwai kuma abin da ya fi damuna: nauyin da ya ɓace ina ya tafi? Cikin naman da za a kai wa iyali. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Can ƙurar haƙar zinariya ce, amma dalmar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ta jure ko kaɗan ɗinta. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun 2019. Na jan ƙarfe zalla yakan riƙe kusan duk nauyinsa, sai dai yana buƙatar gudu sosai kafin ya buɗe. Mai amfani da dalma ya yanke naman da ke kewaye da raunin da yalwa ya binne, kada ya jefa wa kare.

Batun adaka kuma, bututunta sumul yake ba zanen da ke juya harsashi, kuma abin da wasu ke ɗura mata, guntun ƙarfe da boris, ba ya bajewa, sai dai ya daki dutse ya dawo kan mutane. Don haka gwajin bajewa bai shafi mai adaka ba. Ban ba ka shawarar ƙara albarushi don neman gudu ba, kuma kada a kuskura a zuba mata hodar harsashin zamani, bututun ƙira ba ya ɗaukarta, fashewa yake yi a fuskar mai shi. Dokar makamai ta Nijeriya ta ba hukuma ikon wajabta lasisi har ga adaka. Wanda ke da lasisin, gwajin da zai amfane shi shi ne ya kafa kwali a gaban tudun yashi, wurin da ba gida ba kiwo a baya, ya gano nisan da harbinsa ke daina taruwa wuri guda. Bayan wannan nisan kada ya ɗaga wa dabba bindiga.