Cingam ko filasta: wanne mai son barin sigari zai saya?

Tambaya: Ina shan kara 15 a rana, kuma na ƙudura dainawa. A kemis an nuna mini cingam na nikotin (sinadarin da ke sa sigari ya kama mutum), mai miligiram 2 da mai 4, da kuma filastar nikotin da ake mannawa a fata. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, kafin ka ciro kuɗi, tuna lokacin da kake kunna karan farko da safe. Tambaya kan wannan lokacin tana cikin gwajin da Karl Fagerström, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar a 1978 don auna yadda nikotin ya kama mutum. In ba ka iya kai minti 30 da farkawa ba ka kunna ba, cingam mai 4 ne naka. In kana wuce haka, mai 2 ya isa.

Amma tunda ka haura kara 10, mu dai filasta za mu sa a gaba: mai miligiram 21 na mako 6, mai 14 na mako 2, sai mai 7 na mako 2. Ita tana sakin nikotin a hankali yini guda, cingam kuma na kashe marmarin da ke tasowa kwatsam, don haka haɗa su ya fi ɗaya aiki. Manna filastar a busasshiyar fata marar gashi, dantse ko ƙirji, kana sauya wuri kullum saboda ƙaiƙayi. In mafarkai sun dame ka, cire ta kafin barci. Mai ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Tambaya: Maigidana ya gwada cingam ɗin, sai shaƙuwa da ƙwannafi. Ko jabu aka sayar mana?

Amsa: Hajiya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, amma galibi matsalar daga taunar take. Nikotin ta fatar cikin baki yake shiga jini. In an tauna da sauri, ya bi yawu ya faɗa ciki ke nan. Ya tauna sannu-sannu har ya ji ɗan yaji, ya ajiye tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa ya sake, har kusan minti 30. Kada ya sha zoɓo, kofi ko lemon kwalba minti 15 kafin ya fara tauna, tsami na hana maganin shiga. Masu tsimin kuɗi kuma su sani: a makonni 6 na farko, mai amfani da cingam kaɗai na buƙatar aƙalla ƙwaya 9 a rana.