Ƙanwata na fama da baifola a Kaduna, in ajiye aiki in dawo gida?

Tambaya: Shekara 2 ke nan ina aikin kula da tsofaffi a Ingila, da bizar da kamfani ya tsaya mini. Ƙanwata da ke Tudun Wada, likita ya ce ciwon baifola gare ta, wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa. Bara ta yi kwana 5 ba ta runtsa ba, ta rabar da kwanukan Umma ga maƙwabta, kuɗin da na turo kuma ta saro atamfofi da su. Daga baya ta kulle kanta a ɗaki wata biyu. Yanzu ta ce ta warke, ta bar magani. Kawu ya ce aljanu ne, a kai ta gidan mari. Umma ta ce aure ne maganinta. In dawo ne, ko in ɗauko ta?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da alheri. Kada ka ajiye aikinka. Bizarka a jikin aikin take, in ka bari kamfani zai sanar da hukuma, galibi kuma kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai tsaya masa ko ya tattara. Ɗauko ta ma ba ƙofa, domin ƙanwa ba ta cikin iyalin da irin wannan biza ke ba da damar kawowa. Ka nemi hutunka na shekara ka zo ka gan ta, ka koma. Ciwon nan tafiyar shekaru ce, kuma albashinka ne zai riƙe ta.

Abin da ka ba da labari shi ne fuskoki biyu na ciwon: lokacin tashi, inda barci ke ƙaurace wa ido, magana ta yi yawa, hannu ya sake da kuɗi, sai lokacin faɗuwa da mutum ke jin duniya ta yi masa ƙunci. A tsakani takan dawo garau, nan ne kuwa tarkon yake, don mai shi sai ya ga kamar ya rabu da ciwon. Maganin ne ya sa ta ji garau ɗin. Barinsa farat ɗaya na cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwo, don haka a mayar da ita Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa cikin makon nan. A tambaye ta, cikin lallami, me ya raba ta da ƙwayoyin. Sau da yawa ƙiba ce, ko kasala, ko rawar hannu, kuma likita na iya canza mata wani.

In maganin da ake kira litiyam take sha, akwai gwajin jini lokaci-lokaci don duba yawansa da lafiyar ƙoda. Zafin Kaduna na Maris da Afrilu, ga azumi, duk suna busar da jiki, sai a ji ta bakin likita kafin ta ɗauki azumi.

Batun gidan mari, a nan nake so ka tsaya tsayin daka. Mutanen Kaduna ba su manta da Satumbar 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Ka kira Kawu da ladabi, ka ce: "Kawu, a yi mata addu'a da ruƙiyya a gida, a gaban Umma, amma magani ba zai tsaya ba, kuma ba mai ɗaure ta." Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ma tana bayanka.

Aure kuwa ba ya warkar da baifola. Tana iya aure ta haihu lafiya, amma a gaya wa manemi gaskiya, likita kuma ya san da shirin ciki tun da wuri, saboda wasu magungunan na cutar da ɗan tayi, sannan kwanakin jego lokaci ne da ciwon ke yawan tasowa.

Kuɗin magani ka riƙa tura wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, ya saya ya turo maka hoton rasit da katin asibiti. Ita ma ka ware mata na kashewa kaɗan-kaɗan, kada ta ji an mayar da ita yarinya, kuma ku shirya wannan da ita yanzu da take cikin natsuwa. Ka roƙi Umma ta sa ido kan barcinta: dare biyu a jere fitila na kunne har asuba, a tafi Barnawa, kada a jira ranar komawa. In kuma ta fara cewa gara ta mutu, kada a ce shirme ne. A ɗauke magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Kai ma, in za ka kira ta, kira da yamma, ba tsakar dare bayan ka tashi aiki ba. Kuma kada duk hirar ta zama "kin sha magani?" Tambaye ta atamfofin nan, wace ce ta fi tafiya a kasuwa.