Takalmi ga ɗan wata biyar?

Tambaya: Anti, ɗana wata 5 ne. Surukata ta sayo masa takalmi a kasuwar Sabon Gari, wai tafin ƙafarsa a shafe yake, takalmin zai gyara. In sa masa? Daga wata uwa, Gwammaja.

Amsa: 'Yata, ki gode wa Hajiya, ki adana takalmin don hoton sallah. Duk jariri haka tafinsa yake, kitse ne ya rufe lanƙwasar, sai wajen shekara 6 take fitowa sosai. Ƙashinsa kuma da taushi, matsattsen takalmi illa zai yi masa. Ba ya buƙatar takalmi sai ya fara tafiya a waje.

Abin da ya fi damuna safa ce, musamman da hunturu. Zare ko gashi kan naɗe yatsa har ya kumbura, yaro na ta tsala kuka, ana cewa ciwon ciki ne. Ki riƙa juya safar kina dubawa. Bayan wanka ki tsane tsakanin yatsu, ki shafa man kaɗe, ki yanke farce a miƙe.

In ƙafar a karkace take ciki, ba ta miƙuwa da hannu, kada ki jira. Ki kai shi Asibitin Ƙashi na Dala.