Amsa ga mai son yo odar rim daga waje saboda cin tayar baya

Wa alaikumus salam, Malam. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai da na natsu kafin in amsa, domin abin da kake shirin yi na taɓa yin sa da kuɗin aljihuna. Ka ce Boxer gare ka, kana kabu-kabu tsakanin gari da ƙauyuka, tayar baya ba ta kai maka wata uku, kuma wani ya ba ka shawara ka yo odar rim na aloyi (wanda ba shi da waya) daga Caina ko Dubai, mai faɗi ko mai inci 18, wai shi zai hana tayar ci. Kana son sanin ko kuɗin zai fita.

Shawarata ka dakata tukuna. Na yi shekaru a kan babur ina neman abinci, yanzu kuma ina da 'yan mashina a hannun yara suna kawo balas, saboda haka kuɗin taya ni ma ciwona ne. Abin da na gani shi ne rim ba ya cin taya sai in ya lanƙwashe ko ya zauna a karkace. In rim ɗinka lafiyarsa ƙalau, ko daga Japan ka kawo wani, tayar haka za ta ci gaba da suɗewa, domin ba nan cutar take ba.

Bari in fara da maganar inci 18, tunda ita ta fi ruɗar mutane. Hujjar masu faɗin haka ita ce babbar ƙafa ba ta yawan juyawa kamar ƙarama, don haka ba ta saurin ci. Gaskiya ne, amma mu yi lissafi. Taya 3.00-17 irin ta Boxer, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan inci 23 ne. Taya 3.00-18 kuma inci 24. Bambancin kashi 4 ne da ɗan ɗoriya cikin 100. Ke nan in tayarka tana yin kwana 90, ka ƙara mata kwana 4 ba cikakku ba. A kan kwana huɗun nan za ka ɗaga bayan mashin, ka rage masa ƙarfin tashi da kaya, tayar ta riƙa taɓa murfinta in ka faɗa rami da fasinja biyu. Jincheng da CG suna tafiya da 18 ne domin tun daga kamfani haka aka auna jikinsu. Boxer a kan 17 aka gina shi.

Ni abin da ya same ni shi ne, wani ɗan'uwa da ke zuwa birnin Gwanzu na Caina sayayya ya tura min hoton rim na aloyi masu ƙyalli, mai shagon ya rantse masa cewa na Boxer ne. Na tura kuɗi, aka haɗa su a kwantenar wasu 'yan kasuwa, na jira fiye da wata biyu kafin su fito daga tashar Legas. Ranar da suka iso, bakanikena ya kwance ƙafar mashin ɗaya, ya ɗauko sabon rim ya kara da farantin birki, sai na ga ya yi shiru ya ɗago ya dube ni. Kwanon birkin bai yi daidai da takalman birkinmu ba. Da ya cusa ƙarfen da ke ratsa tsakiyar ƙafar, sai ga shi yana lilo a cikin boris. Ramukan robar da ke riƙe sifroket su ma ba su hau ba. Inci 17 ne kam, amma inci 17 na wani mashin daban. Babu wanda zan mayar wa, mai shago yana can ƙetaren teku. Na sha wahala kafin in rabu da su a ƙasa da kuɗinsu.

Don haka in har zuciyarka ta nace sai ka yo odar, kada ka yarda da hoto, kada ka yarda da sunan mashin kawai. A jikin kowane rim akwai lamba a buge, irin 1.60x17 ko 1.85x17 ko 2.15x17, ta farko faɗinsa ce, ta biyu girmansa. A auna maka cikin kwanon birki, domin akwai mai milimita 110 akwai mai 130. A karanta lambar boris: 6301 raminsa milimita 12 ne, 6202 da 6302 nasu 15. A ƙirga ramukan sifroket, a auna faɗin tsakiyar ƙafar daga gefe zuwa gefe. Ka fara da guda ɗaya ta jirgin sama ka gwada, kada ka tashi da goma. Sannan ka tuna dala. Kafin watan Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A kan kuɗin kayan akwai na jirgi, na kwastan, na ejan, da na motar da za ta hauro da su arewa. Mutumin Nnewi da ke shigo da kwantena cike yana raba wannan kuɗin ne a kan rim dubbai, kai kuwa a kan ɗaya ko biyu za ka ɗora shi. Shi ya sa sau da yawa rim ɗin da za ka jira wata biyu yana nan rataye a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma a can za ka iya zuwa da tsohuwar ƙafarka a hannu a kara maka kafin ka biya.

Ban ce aloyi ba shi da amfani ba. Yana karɓar taya marar tif, wadda in ƙusa ta shige ta iska ba ta fita lokaci ɗaya, ka huta da sayen tif da zaman wurin mai faci. A kan kwalta abu ne mai kyau. Amma kai ka ce ƙauyuka kake shiga. Rim mai waya in ya bugi dutse lanƙwasa yake, mai ɗaurin waya ya zauna da ɗan sifanansa ya miƙar maka. Aloyi tsagewa yake, kuma wanda aka yi wa walda ni ba na ɗora ran ɗan mutane a kansa.

To me ke cin tayar? Ka je yanzu ka tsuguna a bayan mashin ɗinka ka dube ta, ita za ta gaya maka. In gefe da gefe sun cinye, ga ƙananan tsaga a jikinta, iska ce ta yi ƙaranci. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lotsawa tana miƙewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, robar ta yi laushi, kwaltar watan Afrilu ta riƙa goge ta kamar sabulu. Yawancin masu faci da ɗan yatsa suke gwadawa ko su ƙwanƙwasa da sifana, kuma wannan ba awo ba ne. Ka sayi ɗan geji naka, bai kai kuɗin tif biyu ba, ka riƙa aunawa da safe kafin tayar ta yi zafi. Ni nakan sa wa yarana 28 a awon PSI na gejin a baya in mutum shi kaɗai ne, 32 in da fasinja ko kaya, gaba kuma 25. Tun da na tilasta musu awon safe, abin da ya fi komai rage min kuɗin taya ke nan.

In kuma ɓari ɗaya ya fi ɗaya ci, ƙafar ce ke zaune a karkace. Wannan yana faruwa wajen ɗaure cen, yaron kanikanci ya ja notin dama fiye da na hagu. Akwai 'yan layuka a buge a ƙarfen bangarorin biyu, a tabbatar sun yi daidai. Ka ɗora mashin a kan doguwar tsayuwa, ka kama tayar da hannu biyu ka girgiza ta hagu da dama. In ta yi ƙas-ƙas, boris ne ko bush ya mutu. Sannan ka juya ta a hankali ka kara alli kusa da bakin rim. In allin yana taɓa wuri ɗaya yana barin sauran, to a nan ne kawai rim yake da laifi, kuma ɗaurin waya zai gyara shi. In zanen tayar ya yi tudu da kwari kamar matakala, shokzoba ta gaji, ƙafar tsalle take a kan titi.

Sai maganar kaya, wadda na san ba ma son ji domin a nan kuɗin yake. Ka duba gefen tayarka, bayan lambar girma za ka ga wani abu kamar 45P ko 50P. Lamba 45 tana nufin kilo 165, 50 kuma kilo 190, iyakar nauyin da aka yi tayar ta ɗauka ke nan. Buhun masara biyu ranar kasuwa kilo 200 ne, kuma a kan kariya suke, daidai saman tayar baya, ba a sa kai ba, ba a sa nauyin mashin ba. Ita ce kuma ke tura mashin gaba, ita muke taka wa birki, don mafi yawanmu ba ma taɓa na hannu. Duk jan birkin da ya sa ta yi ƙara a kan kwalta, roba ka bari a wurin. In ba makawa sai ka yi lodi, nemi mai 6PR ko 8PR, wato mai ƙarfin jiki, mai lamba 50 zuwa sama. A nan ne kaɗai na ga ƙamshin gaskiya a shawarar da aka ba ka: rim mai ɗan faɗi yana karɓar taya 100/90-17, wadda ta fi ɗaukar nauyi. Amma a gwada a ga ba ta gogar murfin cen, kuma shi ma ba sai an je Caina ba.

Abu na ƙarshe shi ne ita tayar da kake saye. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa a Najeriya a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, kasuwarmu ta dogara da tayar waje, mai kyau da marar kyau duk a rumfa ɗaya. Ka nemi lambobi huɗu a gefenta, su ne ranar haihuwarta: 1524 na nufin mako na 15 a shekarar 2024. Tayar da ta shekara huɗu ko biyar a sito, ko ta daɗe a rana a bakin shago, ta bushe, ko ba a taɓa hawa ba. Kada kuma wani ya ja ka zuwa odar tsohuwar taya ta Beljiyam, tana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Mu abin da muka koma yi, mukan haɗa kuɗi mu biyar ko shida mu ɗauki ɗauri guda na sananniyar taya irin MRF ko CEAT ko Kenda a hannun dila ɗaya da muka sani, a farashin sari, in an sami matsala mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Ka ɗauko mana hoton tayar daga baya daidai tsakiya, da hoton rubutun gefenta, ka kuma faɗa mana nawa geji ya nuna gobe da safe kafin ka fita. In na gani zan gaya maka inda nake zargi, in sha Allahu. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.